Zangon da Ba a Amsa Gaisuwa

A zamanin da ake tafiya Makka da ƙafa, akwai wani wuri a cikin Bahar Maliya, gabas da Sawakin, wanda matuƙan jirgi ba sa son a nuna shi da yatsa. Duwatsun murjani ne suka yi zobe a ƙarƙashin ruwa, masu kaifi kamar haƙoran zarto, kuma jiragen alhazai da dama sun fashe a kansu. Jirgin da ya nutse a nan ba ya ruɓewa. Da ya kai ƙasa sai a ja shi a jera shi kusa da 'yan'uwansa, har suka zama unguwa guda mai lunguna da ƙofofi. In rana ta take tsaka, teku ya kwanta, wanda ya kara kunnensa a cikin kwalekwale yakan ji ana daka a can ƙasa. Hausawan Sawakin suna kiran wurin Zangon Ƙasa.

Mutanen Zangon Ƙasa ba sa cizo, ba sa duka, ba su taɓa shaƙe kowa ba. Gaisuwa kawai suke yi. A cikin zangonsu numfashin ɗan Adam ba ya ƙarewa don daɗewa, muddin bakinsa a rufe yake. Magana ce ke cinye shi. Duk kalmar da ta fita daga bakin baƙo sai ta dunƙule ta zama lu'ulu'u, su tsince ta su adana. Wanda ya biye musu ya amsa ina kwana, ya amsa ina gajiya, ya amsa ina gida, kafin ya farga ƙirjinsa ya zama fanko, sai a shimfiɗa masa tabarma ya zauna.

A unguwar Hausawa ta Sawakin akwai wata mai tuyar waina, Yalwa, mutuniyar Gumel. Ta binne mijinta a gefen hanya tun suna ƙasar Darfur, ta ƙaraso bakin teku da goyo a baya, guzuri ya ƙare, ta zauna nan. Goyon nan shi ne Zubairu, ɗanta na fari, kuma ba ta sake samun wani ba. Ga shi ɗan fari, ga shi sunan surukinta aka sa masa, kunya ta zama biyu. Tun ranar da aka raɗa masa suna har ya yi gemu, sunan nan bai taɓa fita daga bakin Yalwa ba. In yana kusa ta ce "kai," in yana nesa ta ce "yaron nan," in da mutane a wurin ko kallonsa ba ta yi. Matan Larabawa maƙwabtanta har gulma suke yi, wai matar nan ba ta son ɗanta. Ba su lura ba cewa wainar tsakiyar tanda, wadda ta fi kowace laushi, kullum a kwanonsa take ƙarewa.

Zubairu ya taso ya zama mai nutso. Wanda ya koya masa shi ne Baba Gwadabe, wani tsoho da aka haifa a kan hanyar hajji, wanda nutso ya fasa masa kunnuwa tun yana saurayi. Ba ya jin ko tsawa, sai dai ya kalli bakin mai magana, kuma in zai amsa sai ya ɗaga murya kamar yana kiran wani a hayin kogi.

Wata rana da azahar Yalwa na kankare tanda, sai ga Baba Gwadabe ya shigo shi kaɗai, da igiya jiƙaƙƙiya naɗe a hannunsa. Ta dubi igiyar, ta dubi bayansa, ba kowa. Cokalin ya faɗi daga hannunta.

"Kada ki yi kuka tukuna!" in ji tsohon da ƙarfi. "Yana nan da ransa. Igiyar ruwa ce ta ja shi Zangon Ƙasa. Na bi shi, na same shi zaune a cikin babban jirgi yana gyaran taru. Ke kika cuce shi, Yalwa, da kika hore shi kada ya wuce babba bai gaishe shi ba. Ya amsa musu har numfashinsa ya ƙare."

"To, Baba, me ya hana ka fito da shi?"

"Na kama hannunsa, Sarkin Zango ya buge nawa. Ni ban ji gaisuwarsu ba, shi ya sa na fito, amma na karanta bakin sarkin. Ya ce baƙo ba ya tashi sai wanda ya haife shi ya zo da kansa. Kuma ki sani, in iska ta juya ta dagula ruwa yana can, shi ke nan. Fata za ta fito masa tsakanin yatsu, ya manta da tudu da duk wanda ke kansa."

Yalwa mutuniyar ƙasar rairayi ce. Ruwan da ta sani shi ne na rijiya da na randa, ko wanki ba ta zuwa yi bakin teku don tsoro. Ta sunkuyar da kai tana kallon igiyar. Can ta ɗago fuska yadda tsohon zai ga bakinta sosai.

"Koya mini," in ji ta.

Da gari ya waye ta ciro tsohon wandon mijinta daga ƙasan adaka, ta sa, ta ɗaure ƙugu da ɗankwali. Unguwa ta fito kallo. Masunta suka bar aikinsu suka jeru a gaɓa suna dariya, wai mai waina za ta je ta soya wa kifi. Ta wuce su, ta bi Baba Gwadabe cikin ruwa. Ruwa na kai mata gwiwa ta ji ƙasa tana gudu daga ƙarƙashin ƙafarta, ta ƙwalla salati ta riƙe wuyan tsohon, saura kaɗan su nutse tare a ruwan da bai kai cibiya ba.

Baba Gwadabe ba shi da lallashi. Ya fara da sa ta tsoma fuska ta buɗe ido a cikin gishiri, har idanunta suka yi ja kamar gauta. Ya koya mata jan numfashi daga ciki, ba daga maƙogwaro ba, a hankali, a cika shi har ƙasan haƙarƙari. Ya ba ta wani ɗan abu da aka sassaƙa da ɓawon kunkuru, mai matse hanci. Ya ce in kunne ya fara suka ta haɗiye yawu, kada ta jira zafin ya yi yawa, in ba haka ba ta zama kurma irinsa. Ya nuna mata dutsen nutso, wanda ake ɗaure wa igiya a sa ƙafa a madaukinsa ya ja mutum ƙasa, da igiya ta biyu da ake ɗaurawa a ƙugu, wadda ake kira igiyar rai. In an girgiza ta, na sama ya ja.

Ta sha ruwan gishiri har ta daina ƙirga amai. Murjanin wuta ya ƙone mata damtse, wurin ya tashi kamar ta zuba wa kanta mai daga tanda. Sau da yawa takan girgiza igiya tun dutse bai kai rabin hanya ba, ta fito tana haki, tsohon ya dube ta ya ce, "Tsoro ne ya ƙare miki, ba numfashi ba. Koma." Takan ji kamar ta kwaɗa masa dutsen, amma sai ta koma.

Da ta ɗan ƙware ya kai ta wani mataccen jirgi da ke kwance a ruwa marar zurfi, ya ce ta shiga ta wannan huda ta fita ta waccan. Ciki duhu ne, katakon duk gansakuka, ƙananan kifaye masu ruwan ɗorawa suna watsewa a gabanta. Tana tsakiya wani kifi mai siffar maciji, kaurinsa ya kai cinyar mutum, ya leƙo daga cikin wata fasasshiyar randa ya buɗe baki dab da fuskarta. Ihu ya taso mata har maƙoshi. Ta danne shi, ta ja jiki a hankali ta wuce. Da ta fito, Baba Gwadabe, wanda ya bi bayanta ya ga komai, ya ce, "Macen da ta iya haɗiye ihu za ta iya haɗiye gaisuwa."

Ba ta gama ƙwarewa ba alamun suka fara. Da safe sai a ga tsuntsayen teku sun taru a kan gaɓa sun ƙi tashi, kuma wani farin hazo ya tsaya a kudu. Tsohon ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama, fuskarsa ta canza. Ya ce yau ne ko babu.

Suka tuƙa har gari ya ɓace musu. Rana na tsaka suka isa kan zoben murjani, ruwa ya kwanta lumui, kuma Yalwa ta ji dakan nan yana tasowa ta cikin katakon da take zaune a kai. Tsohon ya jiƙa auduga da man riɗi ya cusa mata a kunnuwa, amma kafin ya toshe na biyun ya yi mata gargaɗi.

"Igiyar rai iyakarta bakin ƙofa. Ki kwance ta ki ɗaure a jikin ƙugiyar ƙarfen da za ki gani a nan. Daga ƙofa zuwa ciki numfashi ba ya tafiya sai kin yi magana. Daga ƙofa zuwa sama kuwa tafiya yake kamar kullum, saboda haka ki bar wa hanya rabonta. In na toshe miki kunne, ba za ki ji su ba. Kowa ya motsa baki, ki kau da kai."

Ta yi bismilla, ta cika ƙirji, ta saki gefen kwalekwale.

Dutse ya fizge ta. Hasken rana ya koma kore, koren ya koma shuɗi, sanyi ya kama ta daga ƙafa zuwa wuya. Kunnuwanta suka yi suka, ta haɗiye yawu, suka sake, ta sake haɗiyewa. Bangon murjani yana wucewa ta gefenta da rassa da ramuka, wani abu babba mai launin toka ya gifta ta samanta, ba ta yarda ta ɗaga kai ba. Ƙirjinta ya fara neman iska, hannunta ya kai kan igiya da kansa. Daidai nan ƙafarta ta taɓa yashi, ta ga ƙofa, goshin jirage biyu da aka jingina da juna. Ta ɗaure igiyar a jikin ƙugiyar, ta sa kai. Nan take ƙuncin ƙirjinta ya tsaya inda yake, bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Unguwa ce sosai. Jirage a jere hagu da dama, an fasa musu ƙofofi a ciki, an share gaban kowanne. Ga buta da tasbaha da ƙullin kayan alhazai an jera a kan dakali kamar masu su za su dawo yanzu. Mutanen zangon suka fito. Dogaye ne, fatarsu fara-fara kamar cikin kifi, idanunsu ba su da fatar ƙiftawa. Suka yi layi suna murmushi, suna ɗaga dunƙulallen hannu, bakunansu na motsi. Ba ta ji komai, amma ta san siffar "sannu da zuwa" a bakin mutum. Wani dattijo har ya ɗan rusuna mata. Kunya ta kama ta kamar ta nutse, ita da take a nutse, ta sunkuyar da kai ta wuce.

Ta wuce lungu na farko, ta wuce na biyu. Ta fara jin cewa abin bai kai yadda ake faɗa ba.

A kwanar lungu na uku ta ci karo da mai dakan. Wata tsohuwa ce tukuf, bayanta ya tanƙware, gashinta fari yana tashi a ruwa, tana ɗaga wata taɓarya da ta fi ta tsawo tana dakan ɓawon kawa a turmi. Ita wannan ba ta yi murmushi ba, ba ta ɗaga hannu ba, ko ɗago kai ba ta yi ba. Duk sa'ad da ta ɗaga taɓaryar sai hannuwanta su yi karkarwa. An toshe wa Yalwa kunne, amma ba wanda ya tuna ya rufe mata ido, kuma tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa wuce tsohuwa tana aiki ta yi shiru ba.

"Sannu da aiki, Iya."

Sai da maganar ta fita ta ji ta. Wani ɗan farin lu'ulu'u ya gangaro daga leɓenta, audugar ta zame daga kunnuwanta duka biyu, muryoyin zangon suka afko mata gaba ɗaya.

"Yawwa, sannu kadai! Maraba da mutanen tudu! Ina gajiya?"

"Ba gajiya," in ji bakin Yalwa.

"Ya kika baro mutan gida?"

"Lafiya lau."

"Ya rana? Ya ƙishirwa? Ya haƙurin rashin maigida?"

"Da godiya."

Kowace amsa tana fita da wani yanki na ƙirjinta, yaran zangon suna rububin tsince lu'ulu'un a yashi. Ta ji haƙarƙarinta na matsewa. Sun kewaye ta, gaisuwa na zuwa ta gaba da ta baya, kowacce da ladabin da ba a iya ƙyalewa. Ta cusa bakin ɗankwalinta a baki ta cije, ta zube ƙasa ta durƙusa, ta dafa ƙirji da hannun dama, ta sunkuyar da kai. Suka yi ta yi, ita kuwa tana durƙushe tana gyaɗa kai kawai. Da suka ga babu sauran abin tsinta, sai suka buɗe mata hanya.

Sarkin Zango yana zaune a kan buzu a bayan jirgin da ya fi kowanne girma. Rawaninsa na ciyawar ruwa ne, ƙananan kifaye suna shiga gemunsa suna fita, a gabansa ga wani akushi cike da lu'ulu'u. Yalwa ta durƙusa daga nesa.

"Lale da 'yar ƙasa busasshiya," in ji sarkin, muryarsa tana zuwa ta cikin ƙashi. "Durƙuso gaisuwa ne, mun karɓa, ko da yake ba ya ƙara wa akushi komai. Mun san ki. Ke ce kika taka daga Gumel har bakin ruwan nan, kika bar mijinki a ƙarƙashin ƙaya. Zauna tare da mu. A nan babu ƙishirwa, babu tafiya, ba a binne kowa. Ko kuwa wata bukata ce ta kawo ki?"

Ta auna numfashin da ya rage mata. Bai fi cikin tafin hannu ba.

"Yaron nan," in ji ta.

"Yara gare mu da yawa, baiwar Allah. Ga su."

Ya ɗaga hannu aka yaye wani labule. Samari ne zaune a jere a kan katako, taru shimfiɗe a cinyoyinsu suna ɗinki, kuma kowannensu Zubairu ne. Hancin nan na ubansa, 'yar wushiryar nan, kafaɗar hagu da ta ɗan fi ta dama sauka. Ta rarrafa kusa tana duba ƙwaurinsu, tana neman tabon man tanda da ya fallatsar masa yana rarrafe. Kowanne yana da shi, a wuri ɗaya. Ta duba yatsunsu, ta ga wata siririyar fata ta fara haɗa su, duka dai.

"Ɗaya naki ne, sauran 'ya'yanmu ne," in ji sarkin. "Dokar zango ita ce, mai tafiya da baƙo ya kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar da aka yanka masa rago, a gaban jama'a, da murya a sama. Sa'an nan ya kama hannu ɗaya. In kika kama naki, ƙofa a buɗe take. In kika kama namu, shi ma zai bi ki, ya ci tuwonki, ya ce miki Inna, naki kuwa ya zauna nan har a tashi duniya. Sau ɗaya ake kira, sau ɗaya ake kamawa."

Duk zangon ya taru a bayanta. Ga dattawa, ga sarki, ga yaron a gabanta, kuma sunan surukinta ne, mutumin da ko inuwarsa ba ta taɓa takawa ba. Wanda bai san wannan kunya ba zai ce mene ne a ciki, kalma ɗaya ce. Yalwa ta buɗe baki, harshenta ya ƙi tashi. Ta sake buɗewa, ta ji kamar an ce ta tuɓe zane a tsakiyar kasuwa. A can sama hasken ya fara dusashewa, wani ja-ja yana saukowa cikin ruwan, yashi ya fara tashi a lunguna. Iska ta juya.

Ta runtse ido, ta tattara duk abin da ya rage a ƙirjinta har da rabon hanya, don ta san ƙaramar murya ba za ta fitar da shi ba.

"Zubairu!"

Lu'ulu'un da ya faɗo ya kai ƙwan kurciya. Sarkin da kansa ya miƙa hannu ya cafe shi kafin ya taɓa ƙasa.

"Na'am, Inna!" in ji samarin baki ɗaya, suka ɗago kai suna mata murmushi, suna miƙo hannuwa.

Ɗaya ne kawai, can wajen ƙarshen layi, bai dube ta ba. Ya waiwaya bayansa a hankali, kamar mai barci, yana neman wace mace ce a wurin take kiransa. Yalwa ta tsallake hannuwan da ake miƙo mata ta damƙe wuyan hannunsa.

Murmushin sauran ya ɗauke, fuskokinsu suka koma farare. Sarkin yana jujjuya lu'ulu'un a tafinsa.

"Ba a taɓa kawo mana irin wannan ba," in ji shi. "Sabo ne ful, ba a taɓa amfani da shi ba. Kin cika doka, 'yar tudu, ƙofa a buɗe take. Numfashin hanya kuwa ba ya cikin alkawarinmu. In kin gaji, tabarma na nan."

Ta ja yaron suka fita. Yana biye da ita kamar raƙumi da akala, idanunsa a buɗe amma ba kowa a cikinsu. Ƙirjinta babu komai, sai wani zafi mai ci kamar an zuba garwashi. Ta san ko ta kai ƙofa, daga ƙofa zuwa sama ba za ta kai rabi ba, shi kuwa ko numfashin taku ɗaya ba shi da shi. Duk da haka ta ci gaba da ja, don ba ta san wani abin da za ta yi ba. Yashi ya turnuƙe lungunan, jiragen suna kuka a kan gindinsu. A kwanar lungu na uku ta faɗi a jikin turmi.

Dakan ya tsaya. Tsohuwar ta jingine taɓaryarta, ta sunkuyo.

"Tun da aka kafa zangon nan nake daka," in ji ta. "Masu wucewa, wani ya amsa don tsoro, wani ya gudu. Ba wanda ya taɓa ce mini sannu don ya ga ina aiki." Ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan ƙaramin farin lu'ulu'u. "Sauran sun tafi akushin sarki. Wannan ni aka ba, ni ke da iko da shi. Ki kai shi ƙofa kafin a fasa. Amma ki ji da kyau, 'yar nan, numfashi ɗaya ne, na mutum ɗaya. In aka raba, ba mai kaiwa."

Yalwa ta karɓa. Ba ta da numfashin yin godiya, sai ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a goshinta.

Da rarrafe ta kai ƙofa, tana jan yaron. Ta lalubi igiyar rai a jikin ƙugiya, yatsunta sun mutu, da kyar ta kwance ta. Ta ɗaura masa a ƙugu. Ba ta tsaya shawara da zuciyarta ba, yadda ba ta taɓa tsayawa shawara a kan wainar tsakiyar tanda ba. Ta buɗe bakinsa da yatsa, ta tura lu'ulu'un tsakanin haƙoransa, ta dafe masa haɓa har ta ji ya fashe. Sa'an nan ta tura shi waje ta girgiza igiyar da duk ƙarfin da ya rage mata.

Ta ga ƙirjinsa ya buɗe. Ta ga idanunsa sun dawo, sun sauka a kanta, sun zaro. Igiya ta miƙe. Ta yi niyyar sakinsa don kada nauyinta ya ja shi, amma hannunta ya ƙi buɗewa daga wuyan hannunsa. Sai ta ji ɗayan hannunsa mai ƙarfi ya zagaye ƙugunta, ƙafafunsa suna dukan ruwa a ƙarƙashinta, shuɗin yana komawa kore. Daga nan duhu ya rufe ta.

Abin da ta fara ji shi ne ihun Baba Gwadabe, da kunne ɗaya, don ɗayan ya tafi ke nan har abada. Tana kwance a cikin kwalekwale, ruwan gishiri na fita ta hancinta da bakinta, jini na bin wuyanta. Teku ya yi ja, raƙuman ruwa suna ɗaga su suna saukewa. Zubairu yana durƙushe a kanta, yana haki, yana kuka kamar ƙaramin yaro, siririyar fatar nan tana saɓulewa daga tsakanin yatsunsa.

Ta jawo mayafinta da ta bari a kan kaya ta rufe kanta.

Sai da suka fita daga zoben murjani numfashin Zubairu ya daidaita. Ya ce bai tuna komai na can ƙasa ba, daga dattijon da ya fara yi masa sannu sai farkawarsa a bakin ƙofa. Sa'an nan ya matso ta wajen kunnenta mai ji.

"Inna, abu ɗaya ne ya tsaya mini. Kamar a mafarki na ji wata mace ta kira sunana. Muryar irin taki ce."

Yalwa ta juya fuskarta wajen tsohon yadda zai ga bakinta.

"Baba, gaya wa yaron nan ya bar surutu ya kama tuƙi. Iska na ƙaruwa."

Baba Gwadabe ya dubi bakinta, ya dubi ƙasa inda yatsunta suka nutse a wuyan hannun saurayin har wurin ya yi fari.

"Da wane hannun zai tuƙa?" in ji shi da ƙarfi. "Kin riƙe!"

Ta kau da kai tana kallon ruwa kamar da kunnen da ya mutu aka yi maganar. Tsohon ya yi ƙwafa, ya gyara zama, ya tuƙa su shi kaɗai. Har suka taka yashin Sawakin ba ta dubi yaron ba, kuma ba ta sake shi ba.